Magana a kan Hukuncin Mai Waswasi a cikin Ahlari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, akwai mas'ala a babin rafkanuwa na littafin Ahlari wadda almajirai ke haddacewa tun suna ƙanana, su tsufa ba su san girmanta ba. Shehu Abdurrahman Ahlari ya hukunta cewa wanda waswasi ya aure shi kada ya kawo abin da ya yi kokwanto a kansa. Ya kawar da kai, ya cika sallarsa, ya yi ba'adi. Haka Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya tafi a Risala. Masu sharhi suka ce wanda ake nufi shi ne wanda abin ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauko ta, wani ɗan kasuwa ne maƙwabcina a nan Kambarawa. Tun da aka rufe iyakar Jibiya a 2023, kayansa suka maƙale a Maraɗi, barci ya ƙaurace masa. Da ya kwanta sai lissafi ya taso, bashi ya kira haya, haya ta kira kuɗin makarantar yara, har ladan ya yi kiran assalatu. Ya ce mini: "Malam, ina korarsu suna dawowa." Na ce: "Alhaji, korar ce abincinsu."

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali a cikin Ihya'u da mutumin da ke ƙarƙashin itace, tsuntsaye sun dame shi da kuka, yana kora da sanda suna komowa. Maganinsa a wurin Imam a sare itacen, watau son duniya. Misalin ya yi kyau matuƙa, ni kuwa ban kai in ɗauki takalminsa ba. Sai dai wannan magani na masu zuhudu ne. Mai iyali goma sha biyu, itacensa shi ne abincin gidansa, da wane gatari zai sare? Nan ne na ga Ahlari ya fi tausayin mai rauni. Ya san tsuntsu zai sauka, sai ya hana ka tsayawa gardama da shi, ya kuma ba kokwanto lokacinsa, sujada biyu bayan sallama. Da wannan na yi wa Alhaji ƙiyasi: ya zauna da littafin bashinsa bayan la'asar, ya rubuta abin da zai yi gobe, ya rufe. In tunani ya zo da dare ya ce masa an riga an sallame ka. In barci ya ƙi, ya tashi ya yi tilawa har gyangyaɗi ya zo.

Amma Ahlari littafin ibada ne, bai taɓa sha'anin jiki ba, kuma nan gajiyawarsa take. Abu Zaid Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya keɓe babi ga zancen zuci a littafinsa na maslahar jiki da rai. Ya nuna abin yana iya tasowa daga jiki, ya gargaɗi mai shi game da kaɗaici da zaman banza. Mu ƙara da namu: goro da shayi bayan isha'i, da wayar hannu a kan matashin kai.

Ina sukar malaman da duk wanda ya zo da rashin barci sai su ce aljani ne ko sammu, su yanka masa kuɗin hayaƙi. Sun ɗora masa tsoro a kan tsoronsa. Wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba kuma bai ji gajiya ba, yana ta zuba, yana ɓarnar dukiya, ko zuciyarsa na raya masa ya halaka kansa, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ran nan, kada a jira rubutu ya bushe.

Alhaji dai yanzu yakan samu barci kafin tsakar dare, ko da yake bashin yana nan.