Alƙalamin Walsingham da Jagororin Boren 1381

Sunayen Wat Tyler da John Ball da Jack Straw, jagororin boren manoman Ingila na 1381 wanda harajin kai ya haddasa, ta alƙalamin maƙiyansu suka shiga tarihi. Thomas Walsingham ɗan zuhudu ne a majami'ar St Albans, wadda mutanen garin suka tilasta wa ba su takardun 'yanci. Saboda haka ikirarin da ya jingina wa Straw, na shirin kashe sarki, hujja ce mai rauni, domin mai ƙara ne ya rubuta shaidar. Takardun kotu kuwa sun tuhumi Johanna Ferrour da jagorantar ƙona fadar Savoy a Landan, alhali marubutan zamanin ba su ambace ta ba. Wajibi ne a auna riwaya da maruwaicinta.