Gidauniyar Yasmin El-Rufai da Zancen Harshe

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2011 Allah ya yi wa Yasmin El-Rufai rasuwa a birnin Landan, tana tsakiyar ƙuruciyarta. Mahaifiyarta, Hajiya Hadiza Isma El-Rufai, wadda ta karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta kuma yi digiri a kan rubutun ƙagaggun labarai a Ingila, ba ta bar baƙin cikin nan ya ƙare a zaman makoki ba. A shekara ta 2013 aka kafa gidauniya da sunan marigayiyar, aka ɗora mata aiki biyu, wato koya wa yara da matasa ƙaga labari da waƙa, da kuma koya wa mata karatu da rubutu. Yawancin aikin a Kaduna aka yi shi.

Asali irin wannan yana da ƙarfinsa. Abin da gwamnati ta kafa yakan mutu ran da kuɗi suka yanke, kamar yadda ya faru ga hukumar NORLA ta Zariya, wadda ta buga littattafai masu yawa amma aka rufe ta a 1959, ba ta ko kai shekara goma ba. Uwa kuwa ba ta mance 'yarta. Haɗa ayyukan nan biyu ma akwai hikima a ciki, gama yaron da ya rubuta labari yana bukatar wanda zai karanta, ba shi kuwa da mai karatu da ya fi uwarsa.

To, a nan ne tambaya take: da wane harshe yaron zai rubuta, har uwar ta karanta? Littafin da ita Hajiya Hadiza ta fitar a 2017, An Abundance of Scorpions, da Turanci ne, haka kuma yawancin abin da yake fitowa daga tarurrukan horar da matasa marubuta a Arewa. Ba a rasa dalili ba. Jihar Kaduna gida ce ta harsuna da yawa, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Fulani da sauransu, Turanci kuma shi ne harshen jarrabawa da na neman aiki. Duk da haka, yarinyar da take makarantar gwamnati a Rigasa ko Tudun Wada da Hausa take ciniki, da ita take faɗa, da ita kakarta ta yi mata tatsuniya. Idan an ce sai ta ƙaga labari da harshen da take tsoron yin kuskure a cikinsa, hankalinta zai tafi ga nahawu, labarin kuwa ya tsere mata.

Tarihi ya riga ya ba da shaida. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Abubakar Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa bai kai haka ba da ya rubuta Shaihu Umar. Samari ne, an ba su dama da harshen da suka mallaka, an kuma buga musu, ga shi har yau ana karanta su.

Bayan fiye da shekara 50, matasan Kano suka sāke nuna haka ba tare da Bature ko gwamnati ba. Da kamfanonin ɗab'i suka yi sanyi saboda tsadar rayuwa a shekarun 1980, sai suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna duba wa juna rubutu, suna bugawa da kuɗin aljihunsu, suna kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Daga cikinsu ne Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka yi suna. Masana sun kushe musu takarda da ƙa'idar rubutu, wani zargin kuwa da gaskiyarsa, amma matan aure da 'yan mata da dama saboda littattafan nan suka dage har suka iya karatu.

Abin da gidauniyar Yasmin take da shi, wato malamai da tsari da horo, shi ne abin da marubutan Kano suka rasa. Abin da su kuma suka samu, wato masu karatu da suke cire kuɗinsu su saya, ba a samunsa a zauren biki. Kyauta da tafi suna faranta wa yaro rai na yini guda, amma marubuci ba ya tsayuwa sai da mai karatu.

Mahaifin Yasmin, Malam Nasiru El-Rufai, ya yi gwamnan Kaduna daga 2015 zuwa 2023, a lokacin kuwa ba wuya gidauniya ta sami masu zuwa taronta. Ma'aunin gaskiya yana bayan wannan. Idan aka wayi gari matar da ta koyi karatu a ajin gidauniyar ta ɗauki ɗan littafin da 'yarta ta rubuta, ta karanta wa maƙwabta da harshen da duka suke ji, to, sunan Yasmin ya sami abin da aka nufa da shi tun farko.