Jinjina ga Masu Tsaron Salsala a Kaduna

Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna matattara ce ta masu neman salsalar kakanninsu a Arewa. A can ake samun rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi, ɗauke da jerin hakimai da dagatai da zuriyarsu. Akwai kuma takardun kotunan alƙalai, inda shari'ar rabon gado kan ambaci magada ɗaya bayan ɗaya, maza da mata. Ma'aikatan wurin ne ke lalubo fayil mai ƙura, su liƙe shafin da ya yage, su taya baƙo karanta rubutun Larabci da tawadarsa ta koɗe. Aiki ne mai cin rai, kuma sun cancanci yabo.