Zakuna da Gizo: Dukiyar Masu Zuba Jari a Shirin Talabijin, da Ma'aunin Birnin Zazzau

1. Asalin Shirin da Sigarsa

Akwai wani irin shiri na talabijin wanda ya bazu a duniya tun farkon wannan ƙarni. A cikinsa a kan zaunar da attajirai biyar ko kusa da haka a jere bisa kujeru, sa'an nan a riƙa shigo da masu neman jari ɗai ɗai, kowa ya tsaya gabansu ya bayyana sana'arsa, ya faɗi yawan kuɗin da ya ke so, da kuma rabon da zai sallama musu daga cikin kamfaninsa. In maganarsa ta shiga wani daga cikinsu, sai ya taya; in ba ta shiga kowa ba, sai su ce sun fita, ya kama hanya hannu banza.

An fara wannan shiri a Japan cikin 2001, da suna mai ma'anar Damisoshin Kuɗi. Gidan BBC na Ingila ya ɗauka a 2005 ya kira shi Dragons' Den, watau Kogon Dodanni. Amurka ta bi sahu a 2009 da Shark Tank, aka ba attajiran sunan wani kifin teku mai cin mutum. A Nijeriya an yi Dragons' Den a 2008, inda Ibukun Awosika da Alexander Amosu ke cikin masu kujera. Daga baya, a 2021, aka sake fito da shi da sunan Lions' Den, watau Kogon Zakuna, cikin zakunan kuwa har da Kyari Bukar, da Bolaji Balogun, da Adenike Ogunlesi. Da Turanci aka yi duka biyun, amma samari a birnin Zazzau suna kallon irin waɗannan shirye-shirye a wayoyinsu, kuma tambayar da ta fi yawa a bakin mai kallo ita ce: wannan mutum nawa ya mallaka? Manufar wannan takarda ita ce a duba aikin da dukiyar nan ke yi a cikin shirin, a kuma gwada ta da ma'aunin da Hausawa suka saba auna attajiri da shi.

2. Shirin a Matsayin Wasan Kwaikwayo

Ko da ya ke kuɗin na gaske ne, mutanen kuma na gaske, ginin shirin ginin wasan kwaikwayo ne, kuma da haka ya kamata a yi masa hukunci. Masu dukiya suna zaune, mai nema yana tsaye. A shirin Ingila har a kan jibge damman kuɗi bisa tebur kusa da kowane attajiri, alhali ba daga cikinsu za a biya kowa ba. An ajiye su ne domin ido. Kafin a shigo da mai nema na fari, a kan gabatar da attajiran da ambaton kamfanoninsu da abin da suka tara. Wannan gabatarwa ita ce kirarinsu, kuma ita ke ba su izinin yanke hukunci. Ba a nuna wa mai kallo wata shaida ta cewa wane ya san sana'ar miya ko ta ɗinki. Abin da a ke nuna masa shi ne wane yana da kuɗi, daga nan sai a bar shi ya ɗauka cewa mai kuɗi ya san kome. Hausawa sun yi wa kuɗi kirari da ƙare magana, shirin nan kuwa ya ɗauki kirarin ya mai da shi doka.

Sunayen dabbobin da aka zaɓa ma abin lura ne ga mai nazarin adabi. Damisa, da dodo, da zaki, duk manyan tatsuniya ne masu ƙarfi da cin nama. Wanda ya tashi da tatsuniyar Hausa zai gane mai neman jari nan take: Gizo ne, wanda ba shi da makami sai baki. Daɗin kallon yana cikin jiran a ga ko ƙaramin zai tsira da rabonsa. Sai dai a tatsuniya Zaki ne a ke yi wa dariya daga ƙarshe, a nan kuwa Zaki ne alƙali.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda baki ke aiki a wurin. A 2007 wani mutumin Jamaika mazaunin London, Levi Roots, ya shiga shirin Ingila da jita a hannu yana waƙar yabon miyar yajin da ya ke sayarwa. Ya nemi fam 50,000 a kan kashi 20 cikin 100 na kamfaninsa. Peter Jones da Richard Farleigh suka ba shi kuɗin, amma a kan kashi 40. A lissafi, kamfanin da mai shi ya yi wa ƙima fam 250,000 ya koma fam 125,000 cikin 'yan mintoci, ba don miyar ta sake ɗanɗano ba, sai don mai nema ba shi da wani wurin zuwa a wannan sa'a. Miyar ta yi kasuwa daga baya ƙwarai. Amma abin da masu kallo suka riƙe shi ne waƙar, ba ragin da aka yi masa ba.

3. Abin da Allon Ba Ya Nunawa

Shirin ya kan ƙare da musafaha, kamar ciniki ya faɗa. A gaskiya musafahar nan alkawari ne na a je a bincika littattafan kamfani, kuma a wurin binciken ne ciniki da yawa ke warwarewa. A 2016 mujallar Forbes ta tuntuɓi masu sana'a 237 daga cikin 319 da suka yi musafaha a zango bakwai na farko na shirin Amurka, ta sami cewa wajen kashi 43 cikin 100 cinikinsu bai tabbata ba sam, waɗansu kuma an sake musu sharuɗɗa.

Haka nan dukiya ba ta hana kuskure. A 2013 Jamie Siminoff ya kawo ƙararrawar ƙofa mai kyamara, ya fita bai sami jari ba. A 2018 kamfanin Amazon ya sayi kamfaninsa, Ring, a kan kuɗin da aka ba da labarin sun kai wajen dala biliyan 1. Mark Cuban, wanda ya zauna kujerar shirin Amurka daga 2011 zuwa 2025, kuma ya fi sauran zaunannun abokansa dukiya nesa, ya faɗa da bakinsa a 2022 cewa in a kan tsabar kuɗin da suka dawo hannu za a yi lissafi, bai mai da abin da ya zuba ba, wajen dala miliyan 20.

Shi kansa adadin da a ke jingina wa attajiri ƙiyasi ne. A kan ɗauki hannun jarinsa a buga shi da farashin kasuwa na ranar, a haɗa da kimar gidaje, a cire bashin da aka sani. Farashi ya faɗi gobe, adadi ya faɗi. Ga wanda kamfaninsa ba ya kasuwar hannun jari kuwa, ƙiyasin ya fi kusa da cinta. Saboda haka tambayar mai kallo, ta nawa ya mallaka, tambaya ce wadda amsarta ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma ko ta tsaya ba ta gaya masa ko mutumin ya iya renon sana'ar wani.

4. Ma'aunin Birnin Zazzau

Neman jari a hannun mai shi ba baƙon abu ba ne a cikin ganuwar Zazzau. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna a littafinsa na 1955 a kan tattalin arzikin Hausawan Zariya, da na 1960 a kan sarautar Zazzau, cewa barantaka, watau zaman ubangida da baransa, ita ce igiyar da ta ɗaure sarauta da sana'a da fatauci. Abner Cohen ya sami irin wannan tsari a Sabon Ibadan, ya bayyana shi a 1969, inda masu gida ke riƙe da cinikin goro da na shanu bisa amana. Ɗinkin manyan riguna da aka san birnin Zazzau da shi a kan wannan hanya ya ginu: mai jari ya sayi yadi da zare, ya ba mai zane, ya raba wa maɗinka maza da matan da ke cikin gida, rigar ta dawo hannunsa ya kai kasuwa. Yaron da ya daɗe yana kai da kawowa, aka ga bai taɓa cin kwabo ba, shi ne a ke ba ɗan abin juyawa, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa.

Bambanci na fari shi ne lokaci. Zakin talabijin yana yanke hukunci cikin sa'a guda bisa iya magana. Ubangida yana yanke nasa bayan shekaru bisa hali. Na biyu shi ne asiri. Bahaushen attajiri ba ya faɗin adadin dukiyarsa, in an tambaye shi sai ya gode Allah da rufin asiri. Sau biyu a ke ƙirga ta: shekara shekara a ɓoye domin fid da zakka, ɗaya cikin arba'in, sa'an nan bayan ransa domin rabon gado. Na uku shi ne ladabin ƙi. A kasuwa in tayi bai yi ba, sai mai kaya ya ce albarka, kowa ya tafi da mutuncinsa. A shirin kuwa ƙin shi ne abin kallo, kuma a kan zaɓi mafi zafin kalma a nuna wa duniya.

Na huɗu ya shafi shari'a. Littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan birni, kamar Risala, suna da babin ƙiradi, wanda malamai ke furtawa ƙirali: mai dukiya ya ba da kuɗi, mai aiki ya juya su, a raba riba bisa rabon da aka ambata tun farko, in hasara ta zo ba da sakaci ba sai ta faɗa kan mai dukiya, shi kuwa mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. In an gama an yi lissafi, kowa ya kama gabansa. Zakin talabijin shi ma yana ɗaukar hasara, amma abin da ya ke saye yanki ne na kamfanin kansa, wanda ba ya komawa ga mai shi sai ya fanshe. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ga kamfani mai rajista da rubutaccen lissafi, abin da yawancin maɗinka da marina na birni ba su da shi.

Har a wajen yabo ma'aunin dabam ne. Smith ya rubuta a 1957 a kan roƙo, ya nuna yadda maroƙi ke shelar darajar ubangida, da yadda ya kan juya zuwa zambo in an hana shi. Mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun yi wa attajirai waƙa ba iyaka, abin da su ke ƙirgawa kuwa shi ne abin da ya fita daga hannun mutum: riga, da doki, da mota, da kujerar Makka. Dukiya ita ce abin da ke cikin akwati. Arziki ya haɗa har da mutanen da ke cin abinci a ƙofar gida. Kirarin talabijin yana ƙirga abin da aka tara, kirarin Hausa yana ƙirga abin da aka bayar.

5. Inda Shirin Ya Fi

Adalci ya wajabta a faɗi aibin tsohuwar hanya. Jarin amana yana bin jini da unguwa. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, ya tashi ta fataucin goro da sayen gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Wannan kyakkyawan misali ne ga mai dangi, amma ba ya yi wa maraya ko baƙo amfanin kome. Bara ya kan tsufa yana jiran ranar da ba ta zo ba, kuma da ya ke ba a rubuta kome ba, ba shi da wurin kai ƙara. Mata kuwa, waɗanda allurarsu ke cikin riguna masu yawa, adashi ne bankinsu.

A nan shirin ya yi abin yabo. Yana buɗe ƙofa ga wanda ba a san ubansa ba. Yana zaunar da mata a kujerar masu dukiya. Yana tilasta wa mai sana'a ya san kuɗin da ya kashe, da abin da ya sayar, da ribar da ta rage, ya kuma faɗe su a fili ba kame-kame. Wannan darasi ne mai tsada, kuma malamin makarantar horon malamai zai iya amfani da shi wajen koyar da lissafin kashi cikin ɗari da kuma tsara magana gaban jama'a.

6. Hukunci

Aibin shirin ba nuna dukiya ba ne, sai mai da ita hujja. Ɗalibin da ya koyi auna mutum da adadi zai raina maɗinkin Ƙofar Doka wanda ya yaye yara goma, ya girmama wanda bai san kome game da shi ba sai lambar da aka rubuta ƙarƙashin hotonsa. Tun 1962 a ke talabijin a Kaduna, kuma ba abin da zai hana a tsara irin wannan shiri da Hausa. In an tashi yi, abubuwa uku sun kamata. A gabatar da kowane attajiri da sunayen sana'o'in da ya tayar da mutanen da ya tsayar, maimakon ƙiyasin abin da ya mallaka. A yarda da ƙirali a matsayin hanyar ciniki, domin mai allura da mai marina su sami shiga. Sa'an nan bayan shekara guda a koma da kyamara shagon wanda aka yi wa musafaha, a tambaye shi gaban mutane ko kuɗin sun iso, da abin da suka zama.