Jinjina ga masu kashe wutar Kaduna

Fasto James Wuye hannun roba yake sa wa a dama. Na gasken ya tafi a rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya malalo har cikin garin Kaduna. A rikicin nan Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A lokacin, Wuye da Ashafa kowannensu yana jagorantar matasan da ke farautar na ɗayan. Wa zai ce mutanen nan za su zauna inuwa ɗaya?

Sun zauna. Daga 1995 suka fara aiki tare, abin da ya haifi cibiyarsu ta sasanta mabiya addinai. Aikin ba na ado ba ne: zama da matasan unguwa, horar da malamai da fastoci, bin jita-jita a kashe ta tun kafin ta zama gobara. Mu da muka san yadda rikici ya raba Kaduna, Rigasa can, Sabon Tasha can, mun san nauyin wannan.

Bayan kashe-kashen Yelwan Shendam na 2004, su suka yi ta zarya har aka sa hannu kan sulhu a 2005. Allah ya saka musu da alheri, ya ba gwamnati kunnen jin su.