Sharhi Kan Kalmar "Ƙarfi" a Zancen Magungunan Tsirrai

Duk wanda ya saurari masu tallar magani a bakin tasha zai lura kalma guda suke juyawa, wato "ƙarfi". Sassaƙe kaza yana ƙara ƙarfi, saiwa kaza tana maido da shi. Ba da su muke jayayya ba. Ƙorafinmu yana kan masu rubuta kimiyya da Hausa, waɗanda suka ari kalmar yadda take ba tare da sun tace ta ba.

A cikin galibin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya. A nan ake ƙona sukari da kitse da taimakon iskar da muke shaƙa, a samar da sinadarin ATP, wanda shi ne guzurin tsoka da ƙwaƙwalwa. Abin tambaya ga kowane tsimi ke nan: me yake yi wa wannan murhu?

Mu ɗauki goro. Fataken Gwanja sun san yana kore barci, amma kafiyin da ke cikinsa ba ya ƙara guzuri. Toshe saƙon gajiya yake yi a ƙwaƙwalwa. Wannan kuzari ne, kuma na aro.

Misalin da ya fi rusa fassarar nan shi ne metfomin, maganin ciwon sukari, wanda salsalarsa ke komawa ga tsiron Turai mai suna Galega officinalis. Likita Jean Sterne na Faransa ya gwada shi ga masu wannan ciwo a 1957. A shekarar 2000 bincike ya nuna cewa ɗaya daga hanyoyin aikinsa ita ce sassauta wutar murhun, sai hanta ta rage zuba sukari cikin jini. Ashe da rage wuta yake warkarwa! Wanda ya rubuta cewa yana "ƙara wa ƙwayar halitta ƙarfi" ya juya gaskiya a baibai.

Kuma kuskuren bai tsaya ga nahawu ba. Ɗanyen 'ya'yan gwanja kusa, itacen da Yarbawa ke kira ishin, shi ma yana saukar da sukari, amma ta hanyar hana ƙona kitse, kuma ya hallaka yara a Burkina Faso a 1998.

Shawararmu ita ce a bar "ƙarfi" ga tsoka, "kuzari" ga abin da mutum yake ji, sa'an nan a keɓe "makamashi" ga aikin mitokondiriya kaɗai.