KWALLIYAR BAKIN TITI

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa shiga mota ta yi doguwar tafiya ta san abin da zan yi magana a kai. Wato irin ƙofofin nan na siminti da manyan gine-ginen shataletale da ake kafawa a bakin gari, a shafe su da fenti, wai don baƙo ya gani ya yaba.

Ni dai ba na ƙin ado. Mu da muka tashi muka tarar da iyayenmu na jera kwalla da kumbo har rufin ɗaki, ai ba mu da bakin zagin kwalliya. Kuma a cikin gine-ginen nan akwai masu ma'ana. Wanda ya shiga Argungu ya ga ƙaton kifin da aka gina, ba sai an gaya masa sana'ar mutanen garin ba, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934. Wannan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Amma dubi abin da ya faru a Kano. A 2017 aka gina shataletalen gaban gidan gwamnati don murnar cikar jihar shekara 50, kuma mace ce ta zana shi, Kaltume Gana. A 2023 aka wayi gari an rushe shi. Shekara 6 kacal! Wace uwa ce za ta yi wa 'yarta jere, sannan ta zo da taɓarya ta farfashe?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Rannan na taso daga Ruwan Bore za ni biki Kano, ga goyo ga tsohon ciki. Daga Gusau muka bi ta Tsafe har Funtuwa, wallahi ban ga wuri ɗaya da mace za ta sauka ta kama ruwa cikin sutura ba. Maza su tsallaka bayan mota, mu kuwa sai dai mu matse. Direba ma ba ya yarda ya tsaya a daji, kowa ya san halin da hanyar take ciki. To ƙofar siminti me ta tsinana mini?

A hanyar nan muka wuce dutsen Kwatarkwashi, ginin Allah, ba fenti ba kwangila, ba kuma mai iya rushe shi. Ɗiyata ta leƙa taga ta ce, "Inna, a tsaya mu gani mana." Na ce mata, "Wata rana."

A nawa ganin, mai son burge baƙo ya fara da famfo da makewayi da rumfar salla ta mata, da hanyar da za a bi hankali kwance. In an yi wannan, a gina kifi ko ƙwarya, mu ma mu sauka mu sha kallo.

Allah Ya kai mu wannan rana, amin.